A riƙa ƙirga itatuwan Falgore yadda Indiya ke ƙirga damisarta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan dajin Falgore, amma a yi mini haƙuri, sai na biyo ta Indiya tukuna.

Shekara 27 na yi ina malamin daji kafin in yi ritaya in dawo gida Ɗorayi. Kwanakin baya jikata da ke karatun labarin ƙasa a jami'a ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar, ta buɗe kwamfutarta ta ce, "Baba Tsoho, zo ka ga dajinka." Wani shafi ne mai suna Global Forest Watch, kyauta ake shigarsa, yana nuna hotunan tauraron ɗan'adam. Duk inda itatuwa suka ɓace tun daga 2001 sai ya yi masa launin ruwan hoda. Na sa ta kai ni wani gandun daji da na taɓa yi wa aiki, na bi bakin rafin da yatsa. Inda na san maɗaci da marke sun haɗe kai har rana ba ta sauka ƙasa, ruwan hoda na gani. Ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Daga nan muka shiga zancen damisar Indiya, mai ratsi-ratsin nan, ba irin tamu mai ɗigo-ɗigo ba. A gandun Sariska da ke jihar Rajastan, shekara da shekaru ma'aikata na ƙirga damisa da sawun ƙafarta, rahoto kuma kullum yana cewa suna nan. A farkon 2005 aka tabbatar ko ɗaya ba ta rage ba, mafarauta sun ƙarar da su. Abin ya girgiza ƙasar har ta sake tsarin ƙirga gaba ɗaya. Yanzu kyamarori ake ɗaurewa a jikin itatuwa, dabba na giftawa su ɗauke ta, kuma ratsin kowace damisa daban yake kamar zanen yatsan mutum, don haka ba a ƙirga ɗaya sau biyu. Duk shekara huɗu ake yi, tare da duba lafiyar dajin da yawan barewa da sauran abincinta. Ƙidayar 2006 ta ba da 1,411, suka haɗiye ɗacin suka buga wa duniya. Ta 2022 ta ba da 3,682.

Na san irin rahoton Sariska, domin hannuna ya rubuta irinsa. Wata ya ƙare, babu babur, babu mai, ban taka rabin dajin ba, sai in rubuta "babu wata matsala" in aika. Ina neman gafarar Allah a kan wannan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dajin Sundarban, wanda Indiya da Bangaladash suka raba, kimanin murabba'in kilomita 10,000 a inda kogin Ganges da Brahmaputra ke zuba a teku. Can damisa cikin laka take rayuwa, tana iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Teku na ƙara tasowa yana cin gaɓa, gishiri na kutsawa cikin ruwan daɗi, itacen sundari na bushewa daga kai. Ga guguwa: Sidr a 2007, Aila a 2009, Amphan a 2020. Ƙasashen biyu ba su da ikon tsayar da teku, amma sun san inda ya ci, domin taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton doron ƙasa tun 1972, sai a jera na da da na yanzu. Bangaladash ta ƙirga damisa 106 a 2015, 114 a 2018, 125 a 2024.

To mu fa? Falgore ba shi da wannan damisa, amma Kogin Kano ta cikinsa yake bi kafin ya zuba a madatsar Tiga. Ruwan nan ne ke noma shinkafar Kura da tumatirin Kadawa, shi ne kuma ake tacewa a Tamburawa ya shigo birni. Idan aka aske dajin, ruwan sama zai kwashe ƙasa ya jibge laka a cikin dam, rafuka su ƙafe da wuri. Ga damina ta koma ba ta da tabbas, ta yi jinkiri, in ta zo kuma ta zo da ambaliya. Ban zo zagin mai gawayi ba. A gidana ma da gawayi ake girki tunda gas ya fi ƙarfin fansho, kuma na san kirya ce ake sarewa a toya mana shi.

Roƙona ga gwamnatin jiha shi ne ta haɗa malaman labarin ƙasa na Jami'ar Bayero da hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda ta harba tauraronta na farko tun 2003, su riƙa fitar da taswirar Falgore duk shekara bayan ɗaukewar damina. A buga ta da Hausa, a karanta a rediyo, ko labarin mai daɗi ne ko marar daɗi. Sai dai tauraro kaɗai bai isa ba. Dajinmu na savana itatuwansa a warwatse suke, daga sama ba lalle a bambance kaɗanya mai shekara ɗari da kalgon da ya tofo bara ba. Dole a keɓe filaye a ƙasa, a sa wa itatuwa lamba, a auna kaurinsu, a kafa ma'aunin ruwan sama a garuruwan Doguwa, Tudun Wada da Sumaila, a kuma tambayi Fulani da maharba abin da idonsu ya gani.

Mu tsofaffin malaman daji muna nan da sauranmu a Kano, mun san itace da ɓawonsa ko ya zubar da ganye. Tef ɗin awona na nan cikin akwati. In an tashi aikin a neme mu.

Wani tsohon malamin daji,
Ɗorayi, Kano.