Kafin a shafa wa jan bulo fenti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku in ja hankalin masu gidaje a nan Sakkwato kan bangon jan bulo na cikin gida, musamman wanda ke bayan murhu a kicin ko a falo. Da zarar hayaƙi ya dusashe shi sai a kira mai fenti, alhali sau da yawa wanki kawai yake bukata.

Jan bulo yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Da damina yana shan danshi daga ƙasa, rani ya shigo ya fitar da shi. Fentin mai yana toshe waɗannan ƙofofi, danshin ya rasa hanya, ya taru a bayan fenti tare da gishirin da ya kwaso. Shi ne za ka ga bango ya yi ƙuraje, ka latsa da yatsa ya fashe, farin gari kamar kanwa ya zubo. A unguwannin da ruwa ke kwanciya, irin su Mabera, daga ƙasan bango abin yake farawa. Kuma fenti in ya shiga jikin bulo, cire shi sai an ci fuskar bulon.

Don haka a fara da gwaji. A manna leda mai faɗin taku ɗaya a ƙasan bangon, a like gefunanta huɗu da salatif, a bar ta kwana biyu. In ta yi gumi ta ciki, ko bulon ya yi duhu a wurin, maganar fenti ta ƙare sai an gano inda ruwan yake fitowa, ko bututu ne ko indararo ko tushen gini.

Baƙin hayaƙi kuwa, a fara kakkaɓe shi a bushe, sannan a jiƙa bangon da ruwa zalla don kada ya tsotse datti, a goge da ruwan ɗumi da omo da buroshin roba mai tauri, a ɗauraye. Buroshin ƙarfe yana kankare bulo. Ruwan batir, da wasu ke ba da shawara, yana cinye simintin tsakani, don Allah a guje shi. Inda simintin ya zube a cike da kwaɓi mai laushi, kwano ɗaya na siminti da shida na yashi.

A ganina, bangon da ya wanku a bar shi da jansa, ko ƙurar hunturu ma ba ta nunawa a kansa kamar yadda take yi a farin fenti. In kuwa faci ya ɓata shi, farar ƙasa ta fi, domin tana barin danshi ya fita. Bayanta sai fentin ruwa, shafi biyu, na farko a tsinke. A sayi ƙari, don litar da ke cin murabba'in mita 10 a filasta da ƙyar take cin 6 a bulo. Sabon gini ko sabon faci a jira kwana 28 ya bushe. Inda harshen wuta ke lasa kada a sa fentin gida ko kaɗan, ƙonewa yake yi yana fitar da hayaƙi mai cutarwa.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Arkilla, Sakkwato