Harajin Masu Kuɗi: Wa Ake Iya Kamawa a Nan?

Edita, assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan gardamar harajin attajirai da samarinmu suka kwaso daga Amurka suna tafkawa a Facebook.

Masu ra'ayin riƙau na can sun ce a sassauta wa mai kuɗi, shi ke kafa masana'anta ya ɗauki ma'aikata. Da wannan hujja tsohon shugaban Amurka Reagan ya tarar da harajin manyan masu samu a kashi 70 cikin ɗari ya bar shi a 28, Trump kuma a 2017 ya sauke na kamfanoni daga 35 zuwa 21. Masu sassaucin ra'ayi suka ce ragin a aljihun manya yake tsayawa, kuma wanda tirelolinsa suka fi cin titi shi ya kamata ya fi biya. Na fi karkata ga na biyun. Ina saurayi Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin mu mutanen Daura muna cikin jihar Kaduna. Kafin nan da kaka ta yi tsohonmu yake sayar da akuya, don kar dogari ya tsaya masa a ƙofar gida.

Sai dai su can gwamnati ta san abin da yawancin mutane ke samu. Mu fa? Dokar da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta yafe wa mai samun naira 800,000 zuwa ƙasa a shekara, abin da ya haura miliyan 50 kuma a ɗauki kashi 25. A takarda ba laifi. Amma malamin makaranta kafin alat ya shigo an zare nasa. Mai tumaki uku da ya nufi kasuwar Mai'adua zai yanki tikiti a hanya, ya sake yanka a bakin kara, ba mai tambayarsa ko ya kai dubu ɗari takwas. Alhajin da ke da gidajen haya jere da sito cike da gero fa, wa ya taɓa ganin rasit ɗinsa? In ka taɓo zancen ya ce ya fitar da zakka. Allah Ya karɓa, amma masu cin zakka takwas ne, titin Daura zuwa Katsina ba ya cikinsu.

Ina roƙon gwamnatin jiha ta riƙa bayyana mana duk shekara nawa ya fito daga albashi, nawa daga tikitin kasuwa, nawa daga manyan 'yan kasuwa.

Naka,
Tsohon malamin firamare, Daura