Jaririna yana ta amai, likita ya ce sai aiki, a gida an ƙi

Assalamu alaikum Likita,

Allah ya ƙara basira. Daga Daura nake sauraron shirinka, yau kuma damuwa ce ta sa na rubuto.

Ɗan farina ne, namiji, satinsa 5 a duniya. Tun yana sati 3 ya fara amai bayan shan nono. Ya wuce tumbuɗin jarirai da aka sani, feso shi yake da ƙarfi har ya tsallake cinyata ya sauka a tabarma. Aman nono ne zalla, babu kore a ciki. Yana gamawa sai ya fasa kuka yana neman nono kamar bai sha komai ba. Yanzu ya rame, maɗigarsa ta faɗa, fitsari ya ragu, kashi ma sai jefi-jefi. Kafin aman ya zo, nakan ga wani abu yana birgima a saman cikinsa daga hagu zuwa dama.

A asibiti aka yi masa hoton ciki. Likita ya ce naman da ke bakin tumbi, inda abinci ke bi ya shiga hanji, shi ne ya yi kauri ya toshe hanya. Ya ce ciwon ya fi kama maza, musamman 'yan fari, kuma nonona lafiyarsa lau. Ya tura mu Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a fara yi masa ƙarin ruwa har gishirin jininsa ya daidaita, sannan a tsaga naman.

To, surukata ta ce ba za a sa wa jinjiri wuƙa ba. Wai beli ne, a kira wanzami ya cire, ni kuma a ba ni jiƙon gyaran nono, in ma asibitin ne sai bayan arba'in. Mahaifinsa ya gamsu da bayanin likita, amma ba ya iya musu da Hajiya. Ni kuwa kunyar ɗan fari ta ɗaure min baki, alhali ni nake ɗaukarsa, ni nake jin nauyinsa yana raguwa a hannuna. Wallahi ba na barci.

Likita, akwai maganin sha da ke buɗe hanyar, ko dole sai aikin? Jariri ƙarami haka yana jure allurar barci? In an yi, yaushe zai koma shan nono, kuma ciwon yana dawowa? Abin da ya fi tayar min da hankali: jira zuwa bayan arba'in zai cutar da shi?

Don Allah ka amsa a shirin wannan makon, ka yi bayanin da dattijuwa za ta gane ba tare da ta ji an raina ta ba. Hajiya ba ta barin shirinka ya wuce ta, kuma tana ɗaukar maganarka.

Wassalam,
Mai jego daga Daura