A kafa ƙungiyar alƙalan wasa domin ƙwallon makarantu a Sakkwato

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin hukumomin ilimi da na wasanni a Jihar Sakkwato kan batun wanda ake miƙa wa usur idan makarantu biyu suka haɗu a filin ƙwallo. Na daɗe ina aikin malamin wasanni kafin in yi ritaya, kuma har yanzu ƙafata ba ta ɗauke daga filayen makarantu ba, saboda haka abin da zan faɗa ganau ne ni a kansa, ba jiyau ba.

A mafi yawan wasannin sada zumunta da na zagayen farko na gasa, malamin makarantar da ta karɓi baƙi shi ne alƙali, idan kuma ya ƙi, sai a kira wani matashin unguwa da aka san yana taɓa tamaula. Masu ɗaga tuta kuwa ɗalibai ne guda biyu, ɗaya riƙe da riga, ɗaya da reshen dogonyaro. Ba da daɗewa ba na halarci wani wasa a wata makarantar sakandare da ba zan ambaci sunanta ba, inda mai tsaron ragar baƙi ya yi bugun gida, ya miƙa wa ɗan bayansa ƙwallo a cikin da'irar yadi na 18, sai alƙali ya busa usur ya ce a sake, domin a saninsa dole ƙwallo ta fita daga da'irar kafin wani ya taɓa ta. Haka dokar take a da, amma tun 2019 aka sauya ta. Yaran sun san da haka, tunda a gidajen kallo suke ganin wasannin Ingila da Sifaniya duk mako, shi kuwa malamin, bawan Allah, da abin da ya koya tun yana ɗalibi yake aiki. Daga wannan busa yaran suka daina yarda da shi, kuma da ya karɓi wata ƙwallo da baƙi suka rantse satar gida ce, sai jifa ta fara tashi daga bakin fili, muka tura yara cikin mota ba a ƙarasa wasan ba.

Ban ga laifin malamin sosai ba. Dokokin ƙwallo guda 17 ne, kuma hukumar IFAB da ke tsara su tana yi musu gyara kusan kowace shekara. Tun 2016 aka yarda a take wasa ta kowace fuska, har da baya, sannan a 2025 aka ce mai tsaron ragar da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8 za a ba abokan karawarsa bugun kusurwa. Mutumin da ke fama da aji da alli daga safe zuwa azahar, ina zai ji waɗannan idan ba a tara shi an sanar da shi ba? Ko da kuma ya haddace su duka, sa shi alƙalanci tsakanin ɗalibansa da baƙi zalunci ne a kansa, domin idan ya ba baƙi fenariti zai kwana da tsegumin abokan aiki, idan ya hana kuma a ce ya yi son kai.

Na san akwai Ƙungiyar Alƙalan Wasa ta Najeriya, wadda alƙalanta ke busa manyan wasanni irin waɗanda ake yi a filin wasa na Giginya, sai dai babu mai hankalin da zai sa ran su isa kowane filin makaranta a ƙananan hukumomi 23, daga Illela zuwa Tambuwal, daga Isa zuwa Tangaza. Abin da nake ba da shawara shi ne a kafa ƙungiya ta musamman a ƙarƙashin kulawarsu, wadda za ta ƙunshi malaman wasanni da ɗaliban kwalejojin ilimi masu karatun motsa jiki da tsofaffin 'yan wasa, a rarraba ta shiyya-shiyya domin kada kuɗin mota ya cinye ta, a kuma yi wa mambobinta bita da gwajin gudu kafin kowane zangon karatu. Sharaɗin farko shi ne kada kowa ya busa wasan makarantar da yake koyarwa a cikinta.

Batun alawus shi ne inda gizo ke saƙar. Muddin shugaban makarantar da ta karɓi baƙi ne zai sa hannu a aljihu ya sallami alƙali bayan wasa, to zargi ba zai ƙare ba ko da alƙalin waliyyi ne. Ya kamata kowace makaranta ta zuba kuɗinta a asusun ƙungiya a farkon zango, ƙungiya ta biya alƙali, shi kuma ya kawo rahoton wasa a rubuce, da sunayen 'yan wasa da katunan da ya bayar. Da irin wannan rahoto ne za a gano makarantun da ke hayar ƙartin unguwa masu gemu su sa musu riga a ce 'yan aji biyu ne.

Akwai kuma lafiyar yaran. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma doka ta ba alƙali damar tsayar da wasa na daƙiƙa 90 zuwa minti 3 domin 'yan wasa su sha ruwa jikinsu ya huce, amma sau da yawa na ga an yi rabin lokaci cur ba wanda ya kurɓi ruwa, saboda mai usur bai san yana da wannan ikon ba.

Ina kira ga Ma'aikatar Ilimi da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha su kira taron malaman wasanni kafin a buɗe zango mai zuwa, a fara gwada tsarin ko da a makarantun cikin birnin Sakkwato da Wamakko ne. Idan an kira, ni da wasu tsofaffin abokan aikina a shirye muke mu zo da usur ɗinmu.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin wasanni,
Sakkwato.