A Kai Ɗakin Gwaje-gwaje Inda 'Yan Matan Karkara Suke

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi kira ga ma'aikatun ilimi na jihohinmu, musamman tawa, Jigawa. Ni malamar kemistiri ce a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo, a garin da sai ka sauka daga kwalta ka hau acaɓa kafin ka iso.

Duk ƙauyen da ka shiga za ka ji magidanci na cewa ba ya son namiji ya duba masa iyali a asibiti, kuma ban ga laifinsa ba, matan ma sun fi sakin jiki da 'yar'uwarsu mace. To daga ina ungozomar za ta fito? Kafin yarinya ta shiga makarantar koyon aikin jinya irin ta Birnin Kudu, sai ta kawo kiredit biyar: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. Ukun ƙarshen nan duk suna da jarrabawar gwaji a WAEC da NECO, inda ake jera wa ɗaliba kayan aiki a gabanta a ce bismillah. Yarinyar da ta shekara uku ba ta ga kayan nan ba sai a zanen allo, hannunta rawa yake yi tun kafin ta taɓa su.

A makarantarmu akwai ɗakin da ake kira na gwaje-gwaje, ciki kuwa karyayyun kujeru ne aka tara. Sai jarrabawa ta ƙarato a ruga a aro kwalabe da sinadarai daga wata makarantar, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Fiziks kuwa ɗan bautar ƙasa ne ke koyarwa, in ya cika shekararsa ya tattara ya tafi, yara su zauna jiran wani.

Kada wani ya ce yaran ne ba su da ƙwaƙwalwa. Idan zan koyar da darasin tsami da kishiyarsa, zoɓo nake jiƙawa, wannan dai da iyayensu ke nomawa. In raba ruwan a kofi biyu masu haske, in matsa lemon tsami a ɗaya ya ƙara ja jawur, in zuba ruwan kanwa a ɗayan ya rikiɗe ya koma kore mai duhu. Nan take aji ya kaure. Wata rana wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ashe shi ya sa Inna ke sa kanwa a miyar yakuwa, don ta kashe tsamin?" Wallahi abin da littafi ya cika shafi yana bayani ke nan, ta gano shi da kanta daga madafin gidansu. Sai dai zoɓo ba zai koya mata karanta ma'aunin ruwan gwaji ɗigo bayan ɗigo ba, kuma a nan makin jarrabawar yake.

An taɓa yin abin kirki a ƙasar nan. A 1977 tsohuwar Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na maza a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, a 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda ta faɗo Jigawa da aka ƙirƙiro jihar a 1991. Likitoci mata da yawa daga can suka fito. Amma makarantun kwana ne masu ɗaukar 'yan ƙalilan, kuma tun bayan sace ɗalibai a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021, iyaye da dama ba sa yarda 'yarsu ta kwana nesa da gida. Ba da lacca za a kawar da wannan tsoron ba. Makarantar da yarinya za ta je da safe ta dawo da azahar ita ya kamata a inganta.

Shirin Women for Health da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 ya riƙa ɗauko 'yan matan ƙauye da kiredit ɗinsu bai cika ba, ya yi musu karatun share fage, suka shiga makarantun jinya da ungozoma bisa alkawarin komawa garuruwansu su yi aiki. Yaran da aka ce sun faɗi ne fa, malami da kayan aiki kawai suka samu.

Yanzu ga shirin AGILE na bunƙasa ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 500 a 2020, ya ƙara miliyan 700 a 2023, Jigawa ta shiga ciki. Roƙona, duk babbar sakandaren 'yan mata da za a gina ko a gyara, kada a tsaya a fenti da katanga. A sa ɗakin gwaje-gwaje mai ruwa da kayan aiki, a ware kuɗin sayen sinadarai duk zangon karatu. A sa sola da kwamfutoci, domin tun 2015 JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma akwai ɗalibaina da ba su taɓa riƙe linzaminta ba sai ranar jarrabawar. Sannan a ɗauki malaman fiziks da lissafi na dindindin, a gina musu gida kusa da makaranta, a ba su alawus na zaman karkara.

Iyaye da masu neman aure kuma, don Allah in an sa rana, a bari yarinya ta gama aji uku na babbar sakandare, ko a yi alkawari a gaban waliyyai cewa za ta ci gaba daga ɗakinta.

Wassalam.

Daga wata malamar kemistiri,
Jihar Jigawa.