Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar da Ta Ƙare

Assalamu alaikum. Malam Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa marubuta da 'yan wasa, ga rahoton bana kamar yadda tsarin mulkinmu ya ɗora wa sakatare. Na so in taƙaita, amma akwai tambayoyin da na gaji da amsa su ɗaya bayan ɗaya a waya, gara in amsa a nan kowa ya ji.

Taron wata-wata ya gudana, ban da na watan azumi da muka saba ɗagawa. Karatun gajerun labarai na ranar Asabar ma bai tsaya ba, sai dai fuskokin nan ne da kuka sani.

Abin da ya wanke mana zuciya bana shi ne baje kolin da muka yi ranar 26 ga Agusta, wato Ranar Hausa ta Duniya. Tun farko kwamiti ya ce ba ma son taron jawabai da rarraba lambar yabo. Muna so mutum ya gani da idonsa yadda labari ke tashi daga takarda ya hau dandamali, daga nan ya shiga fim. Saboda haka muka kasa zauren da aka ara mana gida uku.

A sashen farko muka jera littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, wadda Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya ƙarƙashin Rupert East, ciki har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Wani dattijo cikin iyayenmu, Allah ya ƙara masa lafiya, shi ya ara mana tsofaffin bugun kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya da ya adana, da 'yan kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Janairun 1939. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a taɓa. Haka Hajiya Ma'aji ta wuni tana gadin tebur tana kore hannun yara. Kusa da su muka ajiye waƙoƙin ajami rubutun hannu, kuma abin mamaki, 'yan makarantar allo da suka leƙo su suka riƙa karanta wa ɗaliban jami'a.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa muka ɗauka a matsayin igiyar da ta ɗaure sassan, domin shi ne ya bi duk hanyar nan. Littafi ne daga waccan gasa, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan dandamali a shekarun 1970, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Da yawa cikin baƙi ba su san an gyara tsohon fim ɗin an nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018 ba. Mu ba mu haska shi ba, don ba mu da izini, kuma ba za mu yi wa'azin haƙƙin mallaka da safe mu karya shi da yamma ba. Maimakon haka matasanmu suka taka wurin da mahaifiyar Umar ta fita neman ɗanta. Babu fitila, babu lasifikar kirki, labulen ma zanen gado ne, amma zauren ya yi tsit har ana jin kukan fanka. Yarinyar da ta fito a uwar ba ta taɓa hawa dandamali ba sai ranar. Na ga mata suna share ido da gefen mayafi.

Sashe na uku na Kannywood ne: bangon kaset, tsofaffin fastoci, da bayanin yadda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990. Mun ajiye littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino tare da bayanin fim ɗinsa, don matasa su san akwai lokacin da kasuwar littafi ce ke ciyar da kasuwar fim. Daga nan muhawara ta ɓarke, wadda ba ta cikin tsari. Masu shirya fim suka ce yanzu fim mai dogon zango ake yi a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, sun fi son marubucin da zai zauna da su mako-mako. Marubuta mata suka ce ba wannan ne ciwonsu ba, ciwonsu shi ne a kwashi labari daga WhatsApp, a sauya sunaye, mai shi ta gan shi a talabijin. Wani lauya cikin membobinmu ya yi bayanin sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023, ya kuma ja kunne cewa duk wanda zai ba da labarinsa ya yi yarjejeniya a rubuce, ko da abokinsa ne. Sai da mai gadi ya fara kaɗa makullai aka watse.

Amma a sani, mutanen da suka ɗauki wannan aiki ba su cika yatsun hannu biyu ba. Su suka share zaure, su suka yi dakon benci, kuɗin man janareta ma daga aljihunsu ya fito. Waɗanda suka zo da babbar riga ana dab da tashi suka tsaya hoto, mun gode, mun kuma ga hotunan a Facebook.

Yanzu maganar kundin gajerun labarai, wanda kullum ake tambayata kamar a ɗakina na ɓoye shi. An tace labaran, an tsara shafuka, bango ma an zana. Kuɗin bugu ne babu. Lissafin da muka yi tun farko ya rushe bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023, domin takarda da tawada yawanci daga waje ake shigo da su. Sau biyu mai ɗab'i yana ba mu farashi, kafin mu tara sai ya ce takarda ta tashi. Ba laifinsa ba ne. Wasu sun ce a buga a takardar jarida kawai a huta. Kwamiti ya ƙi, nima na ƙi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wasu kuma sun ce a sake shi a waya kyauta, alhali marubutan da ke ciki an yi musu alkawarin littafi mai lambar rajista ta ISBN daga Laburaren Ƙasa. Ko ita lambar ba mu biya ba tukuna. Sannan akwai mutum biyu da har yau ba su dawo da gyaran da aka ba su ba, sun san kansu.

Wasan kwaikwayon ƙarshen shekara shi ma bai yiwu ba. An fara atisaye, sai jaruman suka samu aikin lokeshan suka tafi. Ban zarge su ba, can ana biya, mu ko kuɗin adaidaita ba ma bayarwa. Tafiya Kaduna bikin baje kolin littattafai, wadda muka amince da ita a taron farkon shekara, ta koma kowa ya je da kuɗinsa. Bitar da muka shirya wa mata masu shiga gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC kuwa an yi, zama ɗaya maimakon uku.

Duk waɗannan tushensu ɗaya, kuɗin wata. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabin sunayen da ke rajista ba. Akwai wanda rabonsa da biya tun kafin korona, amma shi ne na farko wajen tambayar ina aka kwana. Na aika saƙo, na kira, na bi wasu har shago. Ni ba mai karɓar haraji ba ne, aikin sa-kai nake yi kamar kowa, kuma katin da nake kira da shi nawa ne. In mutum ba shi da hali ya faɗa wa Hajiya Ma'aji a asirce, tsarinmu ya yarda a ɗaga masa. Shirun ne ke da ciwo.

Kwamiti zai kawo shawara biyu a babban taro: a ware sunayen waɗanda suka shekara ba biya ba halarta, kuma kowane marubuci da ke cikin kundin ya sayi kwafi tun kafin bugu don a samu na kafin alƙalami. Littafin shiga da fitar kuɗi yana wurin Hajiya Ma'aji ga mai son dubawa. Wanda kuma ya tafi da fastoci biyu daga sashen Kannywood ya taimaka ya dawo da su, aro muka yi.

Sakataren ƙungiya