Zuwa ga 'yata, kan yaron da kika ce kina so

'Yata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Na ji maganarki kan yaron nan, kuma ban ƙi ba. Amma ki ba ni aron kunnenki kafin zance ya yi nisa.

Wannan dama da kike da ita, ki ce "shi nake so" a saurare ki, mata da yawa sun bar duniya ba su ɗanɗana ta ba. A Ingila ta da, a gidajen masu hannu da shuni, aure ciniki ne tsakanin iyaye, gona ta haɗu da gona, mai suna ya auri mai dukiya. A ƙarni na 18 ne ra'ayi ya fara juyawa, aka ga ya kamata budurwa ta san manemin, su yi hira, su yi musayar wasiƙu, ta kuma iya cewa a'a. Hankalin iyaye ya tashi. A 1753 majalisa ta zartar da dokar da ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure sai da yardar iyaye. Sai masoya suka riƙa tserewa a keken doki zuwa Gretna Green, wani ƙauyen Sikotlan da ke bakin iyaka, inda dokar ba ta aiki, maƙeri kuma kan ɗaura musu aure.

Abin da ke sosa mini rai shi ne, yarinyar da ta yi wannan kasada, daga ranar ɗaurin aure kuɗinta da kayanta sun zama na miji, har da abin da za ta samu da guminta. In so ya huce, da wace fuska za ta koma gidan uban da ta gudar wa? Ita ta zaɓa, ita kaɗai za ta ɗauki nauyin. Ki dubi Caroline Norton, wata marubuciya 'yar Ingila: mijinta ya raba ta da 'ya'yansu uku, ya kuma nemi kuɗin rubuce-rubucenta, doka na goyon bayansa. Sai 1882 matar aure a can ta sami cikakken iko da dukiyarta.

Don haka, 'yata, ki so shi, ban hana ki ba. Amma karatunki kada ki ajiye shi saboda kowa, kuma asusunki na banki ya zauna da sunanki. Ki lura da yadda yake in an ɓata masa rai, da yadda yake magana da wanda ba ya tsoro. Ki ce masa ya zo ya gaishe mu, mahaifinki yana son ganinsa.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki